Shanun Marigayi

An raba gadona ina da rai. Ban halarta ba, lokacin ina daji a hannun ɓarayi.

Da kaka suka ɗauke ni, a gonata ta ƙasar Ruma, na je duba dawa. Mu da yawa suka kora ranar. Da muka isa maɓoyarsu sai suka bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba da lambar wayar gida. Aka zo kaina, na ce ban san lamba ba. Ban yi boko ba, wayar ma danna mini ake yi, ta kuma faɗi a gona. Suka dake ni har na daina motsi. Wani da aka kama mu tare ya gani. Da aka fanshe shi ya koma gida ya rantse a gabansa na cika. Ban ga laifinsa ba. Ni ma ranar haka na ɗauka.

Da na warke suka ga na san dabba, suka sa ni kiwon shanun da suka sato. Na yi kiwo har bazara. Wata rana faɗa ya kaure a tsakaninsu kan rabo, na ajiye sanda na kama hanya. Abin da ya faru a daji ke nan. Sauran ba na faɗa.

Ƙauyenmu na tarar ba kowa. Wani mai saran itace, bayan ya yi gudu ya dawo, ya ce mini duk an tashi an koma Batsari. A can na sami matata a ɗakin haya a bakin gari, tana tankaɗe. Ta riga ta fita takaba. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mutum ko aljan?"

"Akwai fura?"

"Shi ne," in ji ta. Sannan ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Na bari ta gama, na sha furar, na ce, "Ina shanuna?"

Shanun huɗa ne guda biyu, fari da ja. Tun suna maruƙa na haɗa su a karkiya ɗaya. Farin yana dama, ƙarfi gare shi da taurin kai. Jan yana hagu, shi ke riƙe layi. Ka sauya musu gefe ba za su taka ba. Ka haɗa ɗaya da baƙon sa, sai dai ka kwana a bakin gona. Da damina su yi huɗa, da rani su ja amalanke. Gonar Ruma yanzu ba mai iya zuwa, saboda haka in zan ci abinci a Batsari sai dai in yi wa mutane huɗa a biya ni. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas.

"An raba," in ji matata.

"An raba me?"

"Gado mana. Ai ka mutu, Malam."

Ta ba ni labari. Bayan sadakar arba'in limamin ƙauyenmu, wanda shi ma ya dawo Batsari, ya zauna da dattawa. Ya fitar mata da tumuninta, awaki da ɗan hatsi. Sauran ya kasa uku, biyu na ɗana, ɗaya na 'yata. Ɗana ya sami gona da garma da farin sa. 'Yata ta sami jan sa da amalanke, mijinta ya kora su can Tsaskiya, a ƙasar Safana.

"Ba ki ce musu ba a raba waɗannan ba?"

"Na faɗa. Liman ya ce littafi bai san abota tsakanin shanu ba."

"Karkiya fa?"

"Wa zai so karkiya da sa ɗaya? Ga ta can, ina shanya a kanta."

Tufafina kuwa an yi sadaka da su, kamar yadda ake yi. Ran Juma'a na ga babbar rigata, shuɗiyar nan ta Sallah, a jikin ladan. Ya zo ya yi mini barka da arziki, yana ta gyara hannun rigar a kafaɗa. Ta fi yi masa kyau. Na bar masa.

Shanun ne ba zan bari ba. Sai dai hannun da suka faɗa shi ne matsalar.

Mu mutanen Ruma akwai jinin Fulani a jikinmu, kunya ta yi mana yawa. Ɗan nan nawa ɗan fari ne. Tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mun yi hira ba. In ina da magana da shi sai in faɗa wa uwarsa, ita ma ba ta kiran sunan, sai ta faɗa wa bango yana ji. Suruki kuwa ya fi haka. Ba ya cin abinci a gabana, ba ya haɗa ido da ni, ni ma ba na tambayarsa ko allura. Waɗannan mutum biyu su ke riƙe da shanuna.

Ɗana ya zo da ya ji na dawo. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya gai da ƙasa, na amsa wa ƙasa. Na ji yana jan hanci, ni ma na yi tari. Da ya tafi na ce wa uwarsa, "A gaya wa yaron nan a dawo da sa."

Ta je ta dawo. "Ya ce to."

Na jira. Wannan "to" ɗin har yau bai iso ba. Shi kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani, bai san noma ba. Ashe ya gwada haɗa farin da san maƙwabci, farin ya soki yaron a cinya. Tun daga nan yake tunanin sayar da shi ya sayi babur nasa na kansa. Uwarsa ta sake zuwa, ya sake cewa to.

Na hau babur na tafi Tsaskiya. 'Yata ta yi kuka, ta sa aka yanka kaza. A bayan ɗakinta na ga jan a turke, ya rame, haƙarƙari a waje. Ya ɗaga kai ya dube ni. Amalanke na jingine, kaji na kwana a ciki.

"Ina mai gidan?"

"Yanzu ya fita, Baba."

"Ban gamu da shi a ƙofa ba."

"Ta danga ya bi. Kunyarka yake ji."

Na zauna har la'asar, kunyar ba ta sake shi ba. Da na fito zan tafi sai muka yi kiciɓis a lungu, ba hanyar gudu. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya dasa ido a ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Dama—"

"Ina gajiya."

"Ba gajiya. Zancen—"

"Ya hanya? Ya jiki? Ya muka ji da wannan abu? Allah ya kiyaye gaba. Ya su Inna? An baro su lafiya?"

Duk sanda na buɗe baki sai ya cusa gaisuwa a ciki. Kuma gaisuwa ba a ƙin amsa ta. Da ta ƙare masa sai ya koma farko. Yana gaisuwa yana ja da baya a tsugune, har ya kai kwanar lungu, ya ce a huta gajiya, ya ɓace. Na dawo Batsari da ƙullin gyaɗa da cinyar kaza.

Na je wurin liman.

"Allah gafarta Malam, kai ka raba, kai za ka haɗa."

Ya shafa gemu. "Rabon nan ya rushe, tunda mai dukiya na raye. Wannan ba ja."

"To a faɗa musu."

"Na faɗa. Sun ce to." Ya gyara zama. "Ni rabawa aka koya mini. Haɗawa sai alƙali."

Tunda sa ɗaya na ƙasar Safana, can na tafi kotu. Na zauna a benci tare da masu rigimar iyakar gona har aka kira ni. Alƙalin dattijo ne, yana rubutu bai ɗago ba.

"Me ke tafe da kai?"

"Zancen gado, Allah gafarta Malam."

"Wa ya rasu?"

"Ni."

Sai ya ajiye alƙalami. Na ba shi labari a taƙaice. Ya ce ba a gadon mai rai, ko tsinke aka ɗauka nawa ne, kuma da an zo wurinsa tun farko da bai yarda a raba kayan wanda ba a ga gawarsa ba.

"Yanzu wa kake ƙara?"

"Ɗana da mijin 'yata."

"Sunan ɗan?"

Na sunkuyar da kai.

"Malam, sunan ɗanka."

"Na fari ne."

Mutanen benci suka fashe da dariya. Alƙali ya ce a yi shiru, shi ma bakinsa na rawa. Ya ce to a bar ɗan, a aika wa surukin sammaci. Nan na tuna da 'yata. Ka kai mijin 'yarka gaban alƙali ka ci nasara, kai ka tafi da sa, ita ta kwana a gidan. Na ce a bari tukuna.

"Shari'a ta ba ka," in ji shi, "kai ka ƙi miƙa hannu. Me kake so in yi maka?"

Ban sani ba. Na yi godiya na fito. A hanya yayyafi ya taɓa ni.

Ina da taubashi a kasuwar Batsari, mahauci, ɗan ƙanen uwata. Shi kaɗai ne a duniya ba kunya tsakaninmu, tun muna yara zagin juna muke. Na biya ta rumfarsa yana sara ƙashi.

"A'a, marigayi. Ya lahira? An ce can ma korar ka aka yi."

"Sun ce kai suke jira, wuta ba ta gama zafi ba."

"Ka ɓata mini shiri, bawa. Saura kaɗan in aika wa matarka goro."

"Da ka aika. Ta daɗe tana neman mai wanke mata tukunya."

Ya yanko mini tsire ya tura gabana. Sannan ya rage murya. "Ɗanka ya zo nan jiya. Yana tambaya nawa zan sayi farin sa."

Na ajiye tsiren. Na ce, "Ka taya?"

"Na ce ya kawo ran kasuwa in gani. In ban saya ba wani zai saya, ka san mahauta ba mu da tausayi." Ya goge wuƙa a cinya. "Kai dai matsalarka baki. Naka a ɗaure yake."

"A ɗaure yake."

"Nasu fa? A sake?"

Ban gane ba. Ya ce ba sai na gane ba, ai matattu ba sa tunani. In zo kara, wurin cinikin shanu, ran kasuwa da hantsi, in taho da karkiyata. Daga baya na ji abin da ya yi. Ya aika wa surukina a Tsaskiya cewa akwai wani Alhaji daga kudu da ke neman jan sa ido rufe, kada ya bari ya wuce shi.

Ran kasuwa na sauke wa matata shanyarta a kan danga, na saɓa karkiya. Ta ce, "Ina zuwa?" Na ce kasuwa. Ta ce, "Ka sayo gishiri."

Na ratsa 'yan hatsi da 'yan tukwane da itacen nan a kafaɗa, ana ta kauce mini. Duk garin an san ni lokacin. Wani ya ce, "Marigayi, yau kuma makara ka ɗauko?" Na wuce abina.

A kara na laɓe bayan wata motar shanu. Ga ɗana can riƙe da igiyar farin, taubashina na zagaya san yana latsa cinya, yana taɓe baki, yana ɓata lokaci. Can sai ga surukina ya shigo ta ɗaya ƙofar, gumi sharkaf, yana jan jan, yana waige-waigen Alhajin kudu.

Jan ne ya fara jin ƙanshi. Ya tsaya cak, ya ɗaga hanci, ya yi kuka. Farin ya amsa. Ya fizgi igiya, ɗana ya biyo shi yana tirjiya kamar shi ne san. Suka haɗu a tsakiyar kara, suka shinshini juna, farin ya ɗan tunkuyi jan a wuya. Sai suka juya suka jera, ba wanda ya sa su. Fari a dama, ja a hagu.

Na fito.

Surukina ne ya fara ganina. Mutum ba ya cire takalmi da igiyar sa a hannu, sai ya saki igiyar. Ya tsuguna a cikin kashin shanu, ido a ƙasa. Ɗana ya juya fuska yana kallon wata bishiya can nesa, kamar yau ya fara ganin bishiya. Tasa igiyar ma ta sulale.

Na ɗora karkiya a wuyansu. Ta zauna a inda take zama.

"Baba, ina kwana," in ji surukina.

"Lafiya lau." Na ɗaure ɓangaren farin.

"Ina gajiya. Dama, Baba—"

"Ba gajiya. Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Dama san—"

"Ya Tsaskiya? Ya hanya? An sami ruwa can wajenku? Ya mai gari? Ya kaji?"

A rayuwata ban taɓa yin gaisuwa mai tsawon wannan ba. Yana amsawa ina ɗauri. Da ta ƙare mini na koma farko, kamar yadda ya koya mini. Na gama, na tattara igiyoyi biyu a hannu ɗaya, na ce masa a huta gajiya. Na yi wa shanun tsaki irin wanda suka sani. Suka taka tare.

A bayana na ji taubashina ya ɗaga murya. "Jama'a ku shaida, marigayi ya zo ya ɗauki kayansa."

Na ji ɗana na ce masa a hankali, "Baba, to cinikin fa?"

"Ga mai su can. Bi shi ka tambaye shi."

Bai biyo ni ba. Ba zai iya ba, kamar yadda ni ban iya ba. Na manta gishirin.

Washegari da safe na tarar da garma a jingine a bangon ɗaki, ba wanda ya ga mai kawowa. Amalanke ta iso daga baya a bayan a-kori-kura, da zakara a ɗaure a ciki. Ruwa ya sauka a makon. Jan ya sha wahala a gonar farko saboda rama, amma layinsa bai karkace ba.

Da aka gama shuka na koma wurin liman. Na ce mutuwar farko ta koya mini hankali, ina so in shirya wa ta biyu.

"Ina so in bar wasiyya. In na mutu a ba wa matata su duka biyu."

"Ba a yi wa magaji wasiyya."

"To a ba wa wanda ba magaji ba."

"Ba ta wuce sulusin dukiya. Kai kuma shanun nan su ne dukiyar."

"Sulusin shanu biyu nawa ke nan?"

"Sai an yanka."

Na ce ba a yanka ba. Ya yi tunani, ya ce akwai hanya ɗaya, waƙafi. Mutum ya tsayar da abu don Allah tun yana da rai da lafiya. Ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gado. Amfaninsa ya tafi ga waɗanda ya ambata.

Ban sha wahalar nemo su ba. A unguwarmu akwai matan ƙauyenmu da mazansu suka shiga daji ba su fito ba, ba irin tawa mutuwar ba. Kowace na da ɗan fegi na aro a bayan gari, da fartanya take fama. Na ce a fara huɗa musu kowace damina, kyauta. In an gama, shanun su yi aikin kuɗi, a ciyar da su, a ciyar da mai bin su.

"Saura sharaɗi ɗaya," in ji liman. "Sai sun fita hannunka. Ka naɗa mai kula da su."

Na duba duk dangina. Mutum ɗaya ce ta ce kada a raba su lokacin da ba na nan. Na ce matata.

Aka yi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Shaidu biyu, ladan cikin rigata, da taubashina. Ɗana da surukina ma sun zo, suka zauna can baya, kowa na kallon tasa bishiyar. Liman ya yi bayani, aka shafa fatiha. Taubashina ya ɗaga hannu.

"Allah gafarta Malam, in sun tsufa fa?"

"A sayar, a sayi wasu biyu su maye gurbinsu."

"A sayar da su tare," na ce. "Kuma ba wa wannan ba."

Da na koma gida na gaya wa matata. Ta ce, "Wato yanzu ni ke da magana a kansu?" Na ce haka liman ya ce. Ta ce, "To gobe gonar matar maƙeri za ka fara, ta fi kowa yara. Ka fita da wuri, ba na son lalaci."

Yanzu ina Batsari, a ɗakin hayar nan na bakin gari. Gonar Ruma tana can, ban karɓa ba, ɗana bai mayar ba, ciyawa ke cinta. Shanun na turke a ƙofar ɗaki, fari a dama, ja a hagu. Ni ke bin su, matata ke faɗin inda za mu. Garma da amalanke sun bi shanun. Abin da ya rage nawa na kaina riga biyu ne da buta da zakaran nan. Su raba yadda suka ga dama.